Wane suna za mu ba haruffan silab sarif da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin ɗab'i da masu zanen alluna a Bauchi da kewaye. Akwai wani nau'in haruffa da muke aiki da shi kullum ba tare da mun raɗa masa suna ba, wato wanda Turawa ke kira silab sarif, musamman kakkauransa. Shi ne wanda kowace sandar harafi ke ƙarewa da guntu mai kusurwa huɗu, wanda kaurinsa ya kusa kai na sandar kanta, saɓanin irin su Times New Roman da ƙarshensu ke sirancewa.

A Landan ya fara bayyana wajen 1815, a hannun mai ƙera haruffa Vincent Figgins, lokacin da 'yan kasuwa ke neman rubutun da zai ja ido daga nesa a jikin takardun talla. Daga baya aka riƙa ce masa "na Masar", ba don daga can ya fito ba, sai don yayin kayan Masar da aka yi a Turai bayan yaƙin da Napoleon na Faransa ya kai Masar. Saboda haka ban goyi bayan mu ce "haruffan Masar" ba, domin duk Bahaushen da ya ji haka rubutun Larabci zai zata. Clarendon na 1845 da Rockwell na 1934 duk 'yan gidan ne, haka ma Courier na tafireta, kodayake shi siriri ne.

Wasu sun ba da shawarar "masu ƙafa", amma wannan ya haɗa har da Times ɗin, bai ware komai ba. Wani matashi ya ce "masu bulo", kuma ya fi "masu tubali" dacewa, tunda tubalinmu na gargajiya ba shi da kusurwa. Ni dai abin da na fi so shi ne "masu kofato", domin kofato yana da faɗi da nauyi, yana kuma zama daram a ƙasa, kuma abin da idon mai karatu ke gani ke nan a allon shago tun daga tsallaken titi a kasuwar Wunti.

Wani dattijo da ya daɗe yana zanen alluna ya ja hankalina cewa guntun ba a ƙasa kaɗai yake ba, yana saman H da hannuwan T ma. Gaskiya ne, Baba, sai dai suna ba ya ɗaukar kowace siffa, kuma abin da muke bukata shi ne kalmar da za a faɗa wa yaron shago ya gane nan take.

Idan kun amince, kakkauran sai mu ce masa "mai kofato mai gwaɓi". Wurinsa kanun labari ne da fosta da sunan kanti. Idan aka ƙanƙanta shi a dogon rubutu, tawada takan cike cikin haruffa irin su "a" da "e", balle a takarda mai araha. Kafin a zaɓi kowane samfurin waɗannan haruffa kuma, a gwada ƙ da ɗ da ɓ a gani, domin da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro siririn harafi daga wani wuri ta dasa a tsakiyar kalma. Masu maɗaba'a na Gombe, ku sanar da mu ko kuna da wani suna da kuka riga kuka saba da shi.