Wai da tsohuwar zuma ake magani ko a fagen dambe?

Na Gezawa: Jama'a, an ce ɗan damben da ya haura 40 ya fi yaro ɗan 22 haɗari a fage. Ni na yarda. Tsoho ba ya ɓarnar naushi. Ya miƙa garkuwa, wato hannun da yake karewa da shi, ya tsaya, yaro ya yi ta rawar kai, da ya jefo hannu nauyinsa ya koma ƙafar gaba, sai a ɗana masa ɗaya a muƙamuƙi.

Ɗan Ringim: Baba, a turmin farko kenan, wato zagayen farko. Turmi uku ake yi. Ƙafa ce ke fara tsufa, numfashi ya biyo baya, ƙarfin naushi ne ke tafiya daga ƙarshe. A turmi na biyu garkuwar ta fara saukowa, bakin ya buɗe. Kuma gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, kisa ne, wato an yi nasara a kanka. Gwiwar da ba ta tashi daga tabarma sai an dafa bango an yi salati, ita za ta tare ƙafar yaro?

Na Gezawa: Yaro, kalangu na tashi gwiwar ke mantawa da shekarunta.

Ɗan Ringim: Washegari take tunawa, Baba. Yaro ya yi damben safe ya dawo na yamma, shi kuwa mako guda yana gashi da ruwan zafi.

Kawu na Ɗambatta: Kun bar wurin da tsoho ya fi. Naɗin hannun naushi. Tsumma ake fara sawa, sannan zare ya bi a jere, daga dunƙulen hannu zuwa bayan wuyan hannu. A matse da yawa jini ya tsaya, yatsu su mutu tun ba a shiga ba. A bar shi sako-sako, naushin farko targaɗe. Yara nawa ne suka iya wannan? Shi ya sa kowane shago, wato yaron babban ɗan dambe, ke kai wa ubangidansa hannu.

Ɗan Ringim: To Kawu, ka raba gardama: tsoho ya yi naɗi, ya zauna kusa da makaɗa.

Na Kazaure: Haka abin yake a huɗar shanu. Kunyar dattijo kamar an ja zare, don ba ya danna garma da ƙarfi, idonsa na kan bishiyar ƙarshen gona. Ta saurayi kamar sawun maciji. Sai dai hantsi na yi dattijon ya ce shanu sun gaji.

Na Gezawa: Shanun ma ai tsufa suke yi.

Na Kazaure: Ko bana aka sayo su a Maigatari, Baba?