Wankin ƙodar babanmu ya cinye gona biyu, ina mafita?

Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye kusa da Daura nake rubuto wannan. Wata bakwai ke nan da likita ya ce ƙodar babanmu ta gaza. Hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba, sai da ƙafafu suka kumbura. Yanzu sau biyu a mako muke kai shi Katsina wankin ƙoda, ga kuɗin mota, ga allurar ƙarin jini, ga wanda zai bar aikinsa ya raka shi.

Mun sayar da shanun huɗa, mun sayar da gona biyu. Ƙanena ya bar makaranta ya koma acaɓa. Gero ma bana ba mu shuka rabin na bara ba. Abin da ya fi damuna shi ne Baba ya fara cewa a bar shi haka nan, kada mu sayar da gonar da ta rage.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan hali: tsarin inshorar lafiya na jiha yana ɗaukar wankin ƙoda ga manomi? Ta ina ake bi? Kuma yaya zan lallashi Baba kada ya daina zuwa?