Ina neman shawara: darasin muhalli a koyarwar gwaji

Ɗalibar NCE: Assalamu alaikum malamai. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, wata mai zuwa za a tura mu koyarwar gwaji, an ba ni 'yan aji biyar a wani ƙauye wajen Maigatari. Abin da muka karanta kan muhalli duk hadda ce: ma'anar kwararowar hamada, ma'anar sauyin yanayi, a rubuta a ci jarrabawa. Yaran nan kuwa su ake aike su yo itace kullum. Da wane baki zan ce musu kada a sare bishiya, alhali da ita ake tuƙa tuwon gidansu? Abin ya tsaya mini a rai.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki fara da hani. Ki fita da su ƙarƙashin gawo, ki tambaye su don me gero ya fi kyau a gindinsa. Za ki ji sun sani. Gawo da damina yake zubar da ganye, ganyen ya zama taki, rana ta samu shuka; da rani kuma ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa. Ke dai naki ki sa su faɗi dalilin da bakinsu, sannan ki hau allo.

Malami daga Maraɗi: Malama, amsarki tana nan wajenmu. Tun wajen 1983 manoma suka fara abin da muke kira sassabin zamani. In kututture ya yi toho a gona, ba a share shi duka. A zaɓi rassa masu ƙarfi biyu ko uku a bari, a datse sauran, su ne itacen girki. Ba sayen dashe, ba ban ruwa, don saiwar tana nan da ranta. Gonakin Maraɗi da Damagaram da suka zama fili yanzu itatuwa ne birjik. Ki nemi manomi ɗaya ya nuna wa yaran da laujensa.

Anti mai aji uku: In za ki dasa dogonyaro a makaranta, ki fara tanadin ƙaya. Namu 20 muka dasa, da aka dawo hutu awaki sun bar mana 3.

Ɗalibar NCE: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba hedimasta, in mai duba mu ya zo ya tarar da aji a gona, ba zai rage mini maki ba?

Tsohon hedimasta: Ki rubuta fitar a cikin tsarin darasinki, shugaban makaranta ya sa hannu tun kafin ranar.