Tambaya: karatu ne ke raba jami'o'in Amurka da maƙwabtansu a wasa, ko kuɗin talabijin?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ce, na san akwai su a nan ko da ba su da yawa.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare cikin garin Sakkwato, bayan la'asar kuma ina horar da yara a filin siminti da ke bayan azuzuwa. Yayana ne ya sa min son wasan nan. A jihar Maryland ya yi karatu, da ya dawo ya zo da kaset-kaset na bidiyo cikin kwali. Akwai guda da muka yi ta kallo har ya fara cin zare, wasan jami'o'in Maryland da Duke na Janairun 2001. Maryland na gaba da maki goma, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Duke suka farke, suka kuma cinye a ƙarin lokaci. Duk sanda kaset ya kawo wurin nan, yaya sai ya miƙe ya fita tsakar gida, ba ya dawowa sai an wuce. A 2002 Maryland ta ɗauki kofin ƙasa a hannun koci Gary Williams, amma ko wannan bai goge masa wancan mintin ba.

Yau wannan hamayya ta mutu. Jami'o'in Amurka rukuni-rukuni suke gasa, 'yan rukuni ɗaya ke karawa da juna duk shekara. A 2014 Maryland ta fice daga rukunin ACC, inda take tare da Duke, wanda da ita aka kafa shi a 1953, ta koma rukunin Big Ten. Cikin dalilan da shugabanninta suka bayar har da cewa jami'o'in can sun dace da ita ta fannin bincike da karatu. Sai ga 2024, Stanford da Berkeley da ke Kalifoniya, bakin tekun Fasifik, sun shiga ACC, rukunin jami'o'in gaɓar Atilantika. Jami'o'in UCLA da USC na Los Angeles kuma sun shiga Big Ten, sun zama abokan gasar Rutgers ta New Jersey, tafiyar kusan kilomita 4,000, wajen ninki huɗu na hanyar Sakkwato zuwa Legas.

To don Allah a fahimtar da ni. Wannan magana ta dacewar karatu da gaske ce, ko riga ce ake sa wa kuɗi? Sannan in ma an raba rukuni, me ya hana maƙwabta su ci gaba da haɗuwa?

Malam na Dundaye:

Wa alaikumus salam, ƙanena. A jami'a nake koyarwa, kuma na ɗan bibiyi lamarin, bari in faɗi abin da na sani.

Maganar karatu ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Masu kaɗa ƙuri'ar karɓar sabuwar jami'a shugabannin jami'o'i ne, ba masu horarwa ba, kuma suna kishin wa za a jera sunansu da shi. Akwai ƙungiyar manyan jami'o'in bincike da ake kira AAU, an kafa ta a 1900, shiga cikinta sai da gayyata. Big Ten ta daɗe tana alfahari da cewa mambobinta 'yan wannan ƙungiya ne. Suna kuma da haɗin gwiwa na gaske a tsakaninsu tun 1958: aron littattafai tsakanin ɗakunan karatu, sayen mujallun bincike tare don a sami sauƙi, da barin ɗalibin digiri na uku ya je wata jami'ar ya ɗauki darasin da babu a tasa. Duk wanda ya taɓa neman maƙala guda ya rasa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma duba abu uku. An amince da karɓar Nebraska a 2010 tana cikin AAU. A 2011, kafin ma ta buga wasan farko, aka cire ta daga ƙungiyar, kuma babu wanda ya ce ta koma inda ta fito. Na biyu, Kansas tana cikin AAU, kuma James Naismith da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando shi ne kocinta na farko, amma Big Ten ba ta ɗauke ta ba. Na uku shi ya fi fitowa fili. Da rukunin Pac-12 na jami'o'in yammacin ƙasar ya watse a 2023, Big Ten ta ɗauki Oregon da Washington ta bar Stanford da Berkeley, alhali a karatu waɗanda ta bari sun fi waɗanda ta ɗauka. Sai da Stanford da Berkeley suka yarda da ragaggen kason kuɗi kafin ACC ta buɗe masu ƙofa, jami'ar SMU da suka shiga tare kuwa ta haƙura da kuɗin talabijin na shekara tara.

Saboda haka karatu yakan hana a karɓe ka, amma shi kaɗai ba ya sa a kira ka. Abin da ke sa a kira ka ƙwallon ƙafa ce irin tasu, mai hular kwano, da yawan gidajen da za su kunna talabijin saboda kai. Tushen abin tun 1984 ne, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, ta ƙwace wa NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, ikon sayar wa gidajen talabijin wasannin ita kaɗai. Daga nan kowane rukuni ya koma cinikin kansa. A 2022 Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7. Ita kanta Maryland ɗin yayanka, a 2012 sai da ta rufe wasanni bakwai saboda giɓin kuɗi, 'yan watanni bayan haka ta sanar da tafiyarta. Ƙwallon kwando ba a tambaye ta ba, an dai ce ta tattara kayanta ta bi.

Baba na Ƙofar Marke:

Ɗana, Malam ya yi maka bayanin kuɗɗi, ni bari in taɓo tambayarka ta biyu, don na ga irinta da idona.

Mu da munka fara bin wasan nan ta mujallu, Georgetown munka sani, don ita ta doke Houston a wasan ƙarshe na 1984, Patrick Ewing gefe guda, ɗanmu Hakeem Olajuwon haihuwar Legas gefe guda. Rukunin Georgetown, wato Big East, don ƙwallon kwando anka kafa shi a 1979, kuma a 1985 uku daga cikin huɗun ƙarshe na ƙasa duka nasu ne: Georgetown da Villanova da St. John's. Babu wasan da ya kai na Georgetown da Syracuse zafi. A 1980 Georgetown ta je har gidan Syracuse, a wasansu na ƙarshe cikin tsohon zaurensu, ta karya masu jerin nasara 57 a gida. A kan wanga abu guda anka yi shekara talatin ana gaba. A 2013 Syracuse ta tahi ACC. Daga baya sun koma haɗuwa cikin Disamba, amma wasan da ba ya ɗaga ka ba ya sauke ka a teburi, kuma ba za ku sake gamuwa bayan wata guda ka rama ba, ba shi ne wancan ba.

Nan gida haka anka yi muna. Sanda nike sakandare jihar Sakkwato ɗaya ce har Birnin Kebbi har Gusau. Akwai wata makaranta a Gusau da muke karawa da ita duk shekara, su zo mu je. A bayan babbar mota muke tahiya, mu isa jajir da ƙura, su tarbe mu da randar ruwa da tuwo, da sahe kuma kowa ya manta da tuwon da anka ci. Na san sunan duk ɗan wasansu, na san wane ne ba ya iya jefawa da hagu. Da anka cire Kebbi a 1991, anka cire Zamfara a 1996, kowace jiha ta koma shirya gasarta. Ba wanda ya zauna ya ce a kashe wasanmu. Shekara guda anka ce babu mota, ta biyu anka ce sai baɗi, kahin a farga yaran da ke makarantar ba su ma san an taɓa yi ba. Zumunta a ƙafa take, ɗana, hamayya ma haka.

'Yar Arkilla:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ɗan ja. Na buga wa jami'armu ƙwallon kwando har muka je NUGA, gasar jami'o'in Najeriya, kuma ni a ganina sau da yawa ba raba rukuni ke kashe wasa ba, fushi ne da girman kai.

Ga Cincinnati da Xavier, gari ɗaya, tsakaninsu wajen kilomita biyar. Ɗaya tana Big 12, ɗaya tana Big East, amma duk shekara sai sun kara, garin kuma ya rabu biyu. Ga kuma Kansas da Missouri da suka fara tun 1907. Missouri ta bar rukuninsu ta koma rukunin SEC a 2012, Kansas ta ji haushi ta ƙi sa ta a jadawali, ba su sake haɗuwa a wasan gasa ba sai Disambar 2021. Babu dokar da ta hana su, kowace jami'a tana da gurbin wasanni wajen goma da take zaɓar abokan karawa da kanta. A Philadelphia jami'o'i biyar ke gasar cikin gari tun 1955, ba rukuninsu ɗaya ba. Da abin ya yi sanyi, a 2023 suka ƙara Drexel suka sake fasali don ya farfaɗo. Jami'ar Connecticut (UConn) kuwa da ta ga ƙwallon kwandonta na lalacewa a rukunin da ba ta da maƙwabta, sai ta koma Big East a 2020, ta bar ƙwallon ƙafarta ba rukuni, ta ɗauki kofin maza a 2023 da 2024.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wanda Malam bai taɓo ba. In da gaske karatu ake so, a tambayi yarinyar da ke buga ƙwallon raga a Los Angeles. 'Yan hular kwano sau ɗaya suke wasa a mako, yawanci ranar Asabar. Ita kuwa a tsakiyar mako za ta hau jirgi awa biyar zuwa gabas, inda agogo ya sha gaban nata da awa uku, ta buga, ta dawo ta shiga aji. Mu da muke tafiyar kwana ɗaya a bas na san yadda ake rubuta gwaji da barci a ido. Chip Kelly, lokacin yana kocin UCLA, ya ba da shawarar a ware ƙwallon ƙafa ta yi tsarinta daban, a bar sauran wasanni su ci gaba da karawa da maƙwabta. Ni ban ga aibin wannan shawara ba.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, batun Stanford da Berkeley ya gamsar da ni, kuma zan tura wa yaya, don har yau yana kare Maryland da cewa karatu ta bi.

Malama, misalin Cincinnati ya shige ni, sai dai har yanzu zuciyata na wajen Baba a kan abu guda: wasa ɗaya a shekara bai isa ba, sai an yi gida da waje, wanda aka doke ya san ranar ramuwa. Akwai makaranta a Runjin Sambo da yarana ke yawan ambato, sun haɗu sau ɗaya a gasar jiha aka doke mu da maki biyu, har yanzu suna maganar. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan je wajen malamin wasanninsu mu tsayar da rana biyu, ɗaya a zangon farko ɗaya a na biyu, a rubuta su cikin kalandar makarantun biyu da sa hannun shugabanni, don kada ya zama in an canza min wurin aiki abin ya tsaya. Keke Napep uku sun ishe mu zuwa.

Abin da ba mu da shi alƙalin wasa ne da ɓangare biyu za su yarda da shi. Baba, ko har yanzu kana riƙe usur? In ba hali, ko akwai wanda za ka haɗa mu da shi cikin tsofaffin abokan wasanka?