Na'urar sauraren 'yan kwana-kwana, wacce za a saya?

Na Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya san na'urar nan da ake kama maganar 'yan kwana-kwana da motar asibiti? Tun gobarar Babbar Kasuwar Katsina ta 2021 in hunturu ya shigo bana barci sosai, shagona na ciki, so nake in wani abu ya tashi da dare in ji da wuri. An ce min Baofeng UV-5R ko Uniden.

Injiniya: Wa alaikumussalam Alhaji. Abu biyu ne daban. Uniden sikana ce, ji kawai take yi. Baofeng kuwa oba-oba ce, tana ji tana aikawa.

Baban Khalifa: Alhaji don girman Allah kada ka sayi Baofeng ɗin nan. Ni na saya wajen wani mai shago da ya rantse min har maganar 'yan sanda zan riƙa ji, na kawo gida na zare eriya na bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya daga 136 har 174, na koma 400 zuwa 520, ba abin da nake ji sai shuuu, wani lokaci kuma wata ƙara kamar injin markaɗe, ƙarshe dai FM ɗin da ke jikinta nake kunnawa in ji labarai. Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar da zan je Batsari ta'aziyya tana cikin aljihun mota, aka tsaida mu a shinge, jami'i ya buɗe ya ganta, nan take fuskarshi ta canza. Ina takardar izini, da wa kake magana, wa kake kai ma rahoto. Gefen titi aka zaunar da ni cikin rana mutane na wucewa suna kallona kamar an kama infoma, sai da mai unguwarmu ya yi magana ta waya aka sake ni, na'urar kuma har yau ban sake ganinta ba. A halin da jihar nan ke ciki ban ga laifinsu ba wallahi, mai shagon da bai faɗa min komai ba shi nake jin haushi.

Maman Ummi: Innalillahi. Allah ya tsare gaba.

Injiniya: Ƙarar da ka ji Baban Khalifa alamar sabon tsarin dijital ce, UV-5R tsohon tsarin analog kawai take fahimta. Ita ma Uniden BC125AT analog ce. Mai kama dijital irin SDS100 tsada gare ta sosai, kuma in an kulle magana da lambar sirri ko ita ba za ta buɗe ba.

Ɗan Daura: to manhajar waya fa? akwai su Play Store kyauta

Injiniya: Yawanci na Amurka za ka ji. Wani ne can ya jona sikanarshi da intanet.

Ɗan Daura: Katsinawa dai da son jin abin da ba a kira su ba 😂

Sabon Layi: Kai kuma mi ya kawo Daura cikin maganar? Ka fara biyan kuɗin asusun zaure na watan jiya tukuna.

Ɗan Daura: na tura tun ranar Laraba, admin ya duba

Admin: Maganar asusu a bari sai dare.

Maman Ummi: Ni dai a ganina Alhaji lambar maigadin layinku ta fi maka wannan na'ura, shi zai fara jin ƙaurin hayaƙi. Ka riƙa sa mashi kati. Sannan 112 kyauta ce, ta Road Safety kuma 122.

Sabon Layi: 112 ɗin na taɓa kira ba ta shiga ba.

Maman Ummi: Wane layi gare ka?

Na Ƙofar Marusa: Na gode ƙwarai. Injiniya, ita mai ji kawai ɗin ma sai da takarda?

Injiniya: Jami'in da ke shinge ba zai tsaya bambance su ba Alhaji, duk eriya ce da maɓallai. Ka je ofishin 'yan kwana-kwana da kanka ka tambaya, ka karɓo lambarsu ka liƙa a ƙofar shago.