Wanda ya taɓa buɗe salansar injin yankan katako ko ya cire gasket don ƙarin ƙarfi ya ba mu labari

Sabon Afareto:
Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Ina aiki da Stihl MS 381 ne, a wajen sare itace da guntulewa ba ni da ƙorafi, amma da na kwantar da gungumen maɗaci zan tsaga katako sai ka ji yana nishi yana neman tsayawa a ciki. Wani makanike ya ce in kawo ya huda min salansa ya cire gasket ɗin ƙasan bulok, wai ƙarfinsa zai dawo kusa da na babban injin Stihl 070. Kafin in miƙa masa abin neman abincina ina so in ji daga bakin waɗanda suka yi, me kuka gani, kuma injin ya daɗe ko bai daɗe ba?

Mai Maɗaci:
Wa alaikumussalam. Maganar zai kamo 070 dai a ajiye ta gefe ɗan uwa, girman injin 381 cc 72 ne, 070 kuma ya haura 105, hudar salansa ba ta cike wannan ratar. Amma ƙarfi yana ƙaruwa, wannan na gani da idona. Nawa an ƙara masa ƙofa ɗaya a gefen salansa kuma tun ranar yake saurin ɗaukar wuta, zafin bulok ma ya ragu saboda hayaƙi na fita da wuri. Abin da zan ja maka kunne shi ne ƙara, wallahi in ka wuni da shi ba toshin kunne da dare za ka ji kunnenka na ta kuka. Sannan ka lura inda ƙofar ke kallo, kar ta fuskanci robar birki ko murfin sama, narkewa suke yi.

Baba Makanike Panteka:
Yaro ka saurare ni da kyau don injinan da aka kawo min gawarsu bayan irin wannan aikin suna da yawa, kuma kusan duk ciwo ɗaya ne. Mutum zai huda salansa ya ƙi taɓa kafireta. To in ka buɗe wa hayaƙi hanya injin zai ƙara jan iska, fetur kuma yana nan yadda yake, kaga iska ta rinjayi mai kenan, kuma injin nan ba shi da wani baƙin mai a ciki, man da ka haɗa da fetur shi kaɗai ne ke shafa fistin da ring. Sai ka ji yana ihu mai daɗi siriri kana murna ya samu ƙarfi alhali cin kansa yake, in ka leƙa ta ƙofar salansa ka ga fistin duk ya yi zane-zane ring ya manne a cikin raminsa.

A kafireta akwai sukuru uku, L da H da LA. H shi ne na cikakken wuta. Bayan huda dole a sassauta shi ta hannun hagu kaɗan-kaɗan har sai in ka matsa wuta a iska ka ji muryar tana ɗan karkarwa kamar yana gurnani, da ka sa shi cikin itace kuma ta washe. In a iska ma muryar a washe take to mai ya yi kaɗan, kashe shi. Mai na'urar auna gudu ya tsaya wajen juyi 12,500 a minti ɗaya a 381, kar ya ce sai ya wuce.

Shi kuma gasket ba a cire shi da ka. Ana zura wayar dalma ta ramin fulogi a juya fistin ya matse ta a gefe, a ciro a auna, in tazarar da ke tsakanin fistin da saman bulok za ta gaza rabin milimita bayan an cire to a bar shi ko a yanka na takarda siriri. In makanikenka bai san wannan awon ba ka ɗauko injinka ka dawo gida.

Ɗan Gembu:
Allah ya ƙara girma Baba, maganar H ɗin nan ta tuna min abin da ya samu injin maigidana. Mu a kan Mambila itacen turare muka fi tsagawa, kuma saman dutse iska ba ta da nauyi, injin da aka saita a ƙasa in ya hau sai ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi, dole a ɗan matse H. To an saita shi a can sama yana aiki lafiya lau, aka samu aiki a wajen Bali aka sauko da shi ba wanda ya taɓa sukuru, ga zafin ƙasa ga tsaga mai tsawo, bai kai la'asar ba ya ƙame. Bulok da fistin duka aka canza. Duk wanda injinsa ya sha huda ya riƙa sauraron muryarsa in ya canza wuri, ko lokacin hunturu ma da asuba saitin yakan so a ɗan ƙara mai.

Mai Magagari:
Nidai tambayata ga mai tambaya, da wane wasa kake tsaga? Don yawancin masu cewa inji ba ƙarfi sarƙa ce matsalarsu. Haƙorin da ake guntule itace da shi a kusurwar digiri 30 ake wasa shi, na tsaga a tsawon itace kuma wajen 10 ne, ya kusa miƙewa. In ka shiga maɗaci a tsaye da wasan guntulewa katako zai fito da kaushi inji kuma ya wahala a banza. Sai ɗan tudun nan da ke gaban kowane haƙori, in kana wasa haƙori kana barinsa haƙorin ba ya kama nama, in kuma ka zaftare shi da yawa kamar yadda wasu ke yi don wai ya ci da sauri sai sarƙa ta riƙa cafka tana tsayar da inji tana fizgar hannunka. A sarƙar 3/8 milimita 0.65 ne tsakaninsa da bakin haƙori, kaurin magagari kuma milimita 5.2. Ni da na gyara wasa na koma sufuroket mai haƙora 7 na rage tsawon takobi (ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai) daga inci 30 zuwa 25, 381 ɗina ya daina nishi ba tare da an kwance ko noti ɗaya a bulok ba. Ka wanke filtar iska kullum kuma, ƙurar kirya da giginya toshe ta take yi nan da nan.

Na Kumasi:
Mu da muka yi aiki da 070 a kurmi abin da ake yi daban ne. Shi ba mai gudu ba ne, ja ne da shi, kuma akwai wata 'yar fiffike kusa da fanka da ke rage masa wuta in gudu ya yi yawa. Wasu yara kan ɗaure ta ko su cire, inji ya haukace, bayan ɗan lokaci inji ya lalace. Wanda na ga ya yi amfani shi ne ɗora bulok ɗin Stihl 090 a kan 070, faɗin fistin ya tashi daga milimita 58 zuwa 66, cc ya koma 137. Ya ja takobi mai tsawo a cikin babban gungume ba ya ko tari, sai dai shan fetur da nauyin tayarwa, igiyar in ta fizge ka sai ka ji a kafaɗa. Kuma a tuna tsofaffin 070 ba su da birkin sarƙa, ƙara masa ƙarfi a hannun sabon yaro ganganci ne.

Baba Makanike Panteka:
Na manta maganar mai. Kamfani ya ce 50:1 da man 2T mai kyau, wato mil 100 na mai a lita 5 na fetur. Injin da aka taɓa kuma ana tsaga da shi ni 40:1 nake sa wa, mil 125. Baƙin man mota ko na janareta da aka juye kar ya shiga tankin fetur, shi ke tara gawayi a ƙofar hayaƙi har mutum ya zaci salansa ce ta yi ƙanƙanta.

Sabon Afareto:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Gaskiya wasan 30 nake tsaga da shi kuma takobina inci 30 ne, zan ware sarƙa ɗaya ta tsaga in gwada wannan satin, gasket kuma na fasa. Salansar in na kawo Panteka za a iya yi min a saita H a gabana in ji muryar da kuke faɗa? Sannan Oga Mai Magagari, daga 30 zuwa 10 a wasa ɗaya ake komawa ko a hankali ake ragewa don kar haƙori ya cinye?