Rinin yadin bargo don 'yar tsana, dan Allah a ban shawara

Malamar Nazare, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin rini ku taimaka min. Ina da 'yar tsanar da nake sawa a hannu ina koya wa yara karatu da ita, kura ce, yaran sun saba da ita sosai har in ban fito da ita ba kuka suke. Hannayenta duk sun yage saboda ja, kan kuwa lafiya lau. Jikinta irin yadin bargon nan ne mai laushi da ake suwaita da shi, filis, launin ruwan ƙasa mai ɗan ɗorawa-ɗorawa. Na zaga kasuwar Gumi ban samu irinsa ba sai na sayi fari na kai wa wani mai rini, da na karɓo ya yi kyau, ina sa shi a ruwa wlh duk ya zube ya koma kamar an jiƙa shi a shayi. Ya zan yi?

Tela a Kawo: Wa alaikumus salam Malama. Kin ƙona bakin yadin kin gani kafin ki kai?

Malamar Nazare, Unguwar Rimi: A'a, ƙonawa kuma?

Tela a Kawo: Eh ki yanki ɗan ƙyalle ki riƙe da almakashi ki sa mai ashana. In ya ci wuta kamar takarda ya bar toka auduga ce, in ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin dutse-dutse to roba ce. Ni dai duk bargon da ya taɓa shigowa shagona narkewa yake.

Malamar Nazare, Unguwar Rimi: Na gwada yanzu, narkewa ya yi harda baƙin hayaƙi

Baba na Kakuri: 'Yata foliyesta ne wannan. Na daɗe a ɓangaren rini a masaƙa kafin a rufe, bari in miki bayani. Mai rininki bai cuce ki da gangan ba, abin da ya saba da shi ya yi, garin rinin shadda da soda da haidiro, wannan kuwa auduga yake kamawa. Ko karofin Ƙofar Mata kika kai shi aka tsoma a baba haka zai zube. Zaren foliyesta ba ya shan ruwa, a rufe yake, sai ya ji zafi sosai yake ɗan buɗewa launi ya shiga ciki, in ya huce ya sake rufewa da launin a cikinsa. Shi yasa in ya kama ba ya zuba. Mu a masaƙa cikin injin da ake rufewa ruf muke dafa shi har digiri 130, a gida ba ki da wannan, ruwa ba ya wuce 100, don haka kar ki sa ran launi mai duhu sosai. Amma ruwan ƙasa irin na kura zai yiwu. Rinin da za ki nema sunansa disfas.

Anti Mai Kwalliyar Biki, Barnawa: Gaskiyar Baba. Ni na yi da wani rinin disfas na kwalba mai suna Rit DyeMore, ki lura fa DyeMore ɗin ba Rit na gama-gari ba, kwalbarsu ta yi kama. Akwai kuma iDye Poly na gari a ɗan fakiti, shi ya fi kamawa da ƙarfi amma warinsa sai a hankali, a tsakar gida za ki yi ba a kicin ba. Ban taɓa ganinsu a shago a nan ba, ta intanet na yi oda daga Legas. Yadda nake yi, in wanke yadin tukun da omo kar in sa mai laushin kaya, in cika babbar tukunya yadda yadin zai yi iyo, in ɗiga ɗan sabulun wanke-wanke cokalin shayi ɗaya, ruwan ya kusa tafasa sannan in zuba rinin in juya, sai in sa yadin a jiƙe. Minti 10 na farko hannunki kar ya tsaya da juyawa, nan ne ake samun dabbare-dabbare, kuma ya yi aƙalla minti 30 a wuta.

Maman Biyu, Rigasa: Anti da tukunyar girki ake yi?

Anti Mai Kwalliyar Biki, Barnawa: Haba a'a!! Tukunyar da ta ga rini ta bar abinci har abada, muciyar ma haka. Ki sa safar hannu ki kori yara daga wajen.

Malamar Nazare, Unguwar Rimi: Na gode sosai. To amma ainihin damuwata dacewar launin, kar hannu daban kai daban

Baba na Kakuri: Nan ne aikin yake, haƙuri yake so. Farko ki goge kan kurar da ɗan ruwan sabulu ya bushe, ƙurar hunturu da hannun yara sun canza mata launi, kar ki je kina bin launin dauɗa. Sai ki yanka ƙyallaye ƙanana kamar guda 8. Ki fara da rini kaɗan, ɗorawa da ɗigon ruwan ƙasa, ki riƙa tsamo ƙyalle ɗaya duk bayan minti 5 kina ɗauraye shi. Kar ki yanke hukunci yana jiƙe, jiƙaƙƙen yadi kullum ya fi duhu, sai ya bushe ƙarau ki ɗora shi a kan kurar a waje cikin inuwa da rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, ƙwai ƙarya yake wa ido. Ki rubuta komai a littafi, ruwa lita nawa, rini cokali nawa, minti nawa. In ya yi haske za ki iya mayarwa ki ƙara, in ya yi duhu shikenan ba a dawowa baya, wannan yadin ko bilic ba ya cire masa launi sai dai ya lalata shi. In ya yi ja da yawa ɗan ɗigon kore ko shuɗi yana kwantar da shi, ɗigo fa na ce.

Tela a Kawo: Kuma ki rina kafin ki yanka, ki rina fiye da abin da kike buƙata a tukunya ɗaya, don gobe in kunne ya yage ki samu na faci. Tukunya biyu ba sa taɓa fitowa iri ɗaya.

Ɗalibi daga Samaru: Malama akwai wani filis na nailan da ake kira Antron, shi manyan masu 'yar tsana a Amurka suke amfani da shi saboda yana ɓoye ɗinki kuma yana karɓar rini cikin sauƙi da ɗan ruwan khal. Sai dai tsada, kuma daga waje ake kawowa.

Maman Biyu, Rigasa: Ni kam Malama da ni ce Kasuwar Barci zan shiga, yanzu lokacin sanyi an buɗe dilolin suwaita da barguna kala-kala, ki tafi da kurar a jaka ki riƙa karawa, da wuya ki rasa mai kama da ita kuma kuɗin bai kai na kwalba ɗaya da kuɗin kawowa ba. In ya ɗan bambanta ki ɗinka mata riga mai dogon hannu tafin kawai zai fito.

Baba na Kakuri: Wannan ma dabara ce. Kuma in kin samu mai haske kusa da launin, ɗora masa rini ya fi sauƙi a kan farawa daga fari.

Malamar Nazare, Unguwar Rimi: Allah ya saka da alheri. Asabar zan fara zuwa Kasuwar Barci da ita, in ban dace ba in yi odar. Anti wanda aka riga aka ɓata min ɗin nan zai ƙara rinuwa ko in haƙura da shi?

Anti Mai Kwalliyar Biki, Barnawa: Zai yi, ki dai wanke shi da ruwan ɗumi har ruwan ya fita fes, sodar nan ta fita duka. Da shi ma za ki yanki ƙyallayen gwajin. In kin sauke daga wuta ki barshi ya ɗan huce kafin ki ɗauraye, kar ki murɗe shi gashin yana kwanciya, in ya bushe ki bi shi da buroshi mai laushi. Ki turo mana hoton kurar mu ga launin in faɗa miki kwalba nawa za ki saya.